Yadda Ake Nazarin Kogi, Ambaliyar Ruwa da Tsarin Filayen Birni a Darasin Labarin Ƙasa

A yawancin littattafan labarin ƙasa na sakandare, babin koguna daban yake, na ambaliyar ruwa daban, na birane kuma can wajen ƙarshen littafi, har ɗalibi ya ɗauka babu abin da ya haɗa su sai ranar jarrabawa. Alhali kuwa ruwan saman da ya sauka a kan tudu shi ne yake gangarowa ya cika kogi, shi ne kuma yake shiga gidajen da aka gina a fadama. Hanyar da za a bayyana a nan ita ce ta ɗaukar kogi guda ɗaya, ko da ƙaramar ƙorama ce wadda ta ratsa gari, a bi shi da taswira da awo daga inda ya faro har inda ya gamu da gine-gine. Kayan da ake bukata su ne taswira mai layukan tsayin ƙasa, takarda shara-shara guda biyu, fensiran kala, tef ɗin awo, sanda mai alamar santimita, agogo mai nuna daƙiƙa, da littafin rubutu.

Mataki na farko: zana yankin da kogi yake tara ruwansa

A shimfiɗa takarda shara-shara a kan taswira, a bi kogin da shuɗin fensir tare da duk rafukan da suke zuba a cikinsa. Idan ba a gane inda ruwan ya nufa ba, a dubi layukan tsayi a wurin da suka tsallaka kogin: sukan lanƙwashe su yi tsini, kuma tsinin yana nuna ɓangaren da ruwa ya fito ne, wato sama. Daga nan a nemi wurare mafi tsayi da suka kewaye rafukan, a haɗa su da jan layi ba tare da an tsallaka ko rafi ɗaya ba. Wannan jan layi shi ne marabar ruwa. Ɗigon da ya faɗa cikinsa wannan kogi zai je, wanda ya faɗa waje kuma na wani kogin ne.

A sa alama a mafarin kogin, da kowace mahaɗa, da inda ya ƙare a teku ko tafki ko wani kogin da ya fi shi girma. Mahaɗar da kowane ɗalibi ya kamata ya riƙe ita ce ta birnin Khartum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wanda ya taso daga tafkin Tana na ƙasar Habasha, suke haɗuwa su zama kogi ɗaya. Sannan a ƙiyasta faɗin yankin. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 daidai suke da kilomita 1, saboda haka kowane gida mai santimita 2 a tsaye da 2 a kwance murabba'in kilomita ɗaya ne. A ƙirga cikakkun gidaje, a haɗa gutsattsarin bibbiyu a matsayin ɗaya. Girman yankin yana da muhimmanci, domin kogin Amazon da yake zuba fiye da kubik mita 200,000 na ruwa a teku cikin kowace daƙiƙa yana tattaro su ne daga yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 7.

Mataki na biyu: bin kogi daga sama zuwa ƙasa

Kogi yana yin aiki iri uku, wato ya ci ƙasa, ya ɗauki abin da ya ci, ya kuma ajiye shi a gaba, kuma aikin da ya fi rinjaye a kowane wuri shi ne yake ba wurin siffarsa. A sashen sama gangaren yana da tsanani, ruwan yana haƙa ƙasa zuwa ciki, shi ya sa kwarin yake da zurfi da ƙunci, ƙasansa cike da manyan duwatsu masu kaifi. Inda dutse mai tauri ya hau kan mai laushi, ruwa yakan cinye na ƙasan har na saman ya rasa madogara ya rufta, matsirgar ruwan ta ja baya, ta bar kwazazzabo a gabanta. Matsirgar Victoria a kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wadda tsayinta ya zarce mita 100, tana da jerin kwazazzabai a ƙasanta masu nuna wuraren da ta taɓa tsayawa a da.

A sashen tsakiya ne abin yake da daɗin kallo, kuma a nan masu jarrabawa suka fi son tambaya. Kogin yakan fara cin gefe, yana lanƙwasa hagu da dama. A gefen waje na kowace lanƙwasa ruwa ya fi sauri da zurfi, yana cin gaɓa har ta zama gangare a tsaye. A cikin lanƙwasar kuwa ruwa sanyi-sanyi yake tafiya, yana ajiye yashi da tsakuwa. Da haka lanƙwasar take ƙara buɗewa, wuyanta yana sirancewa, har wata rana ruwa ya cika ya yanke wuyan ya miƙe, ya bar tsohuwar hanyarsa ta zama tafki mai siffar lauje. Ɗalibi ya koyi zana wannan a matakai uku da hannunsa, yana sa kibiya a layin da ruwa ya fi sauri, domin zane mai alamomi yakan fi dogon bayani kawo maki.

A sashen ƙasa kogin yana da faɗi, kewaye da fadama shimfiɗaɗɗiya wadda shi da kansa ya gina da lakar da yake zubarwa duk lokacin da ya tumbatsa. Idan ya fita daga gaɓarsa saurinsa yakan ragu nan take, sai ya fara sauke yashi mai nauyi a bakin gaɓa, laka mai laushi kuma ta tafi nesa. Shekara da shekaru, wannan yashi yakan zama jinga ta halitta a gefe biyu. A ƙarshe, idan tekun da ya shiga ba shi da igiya mai ƙarfin kwashe lakar, sai delta ta samu, wato filin laka da kogi yake rarrabuwa a kansa a bakin teku, kamar ta Nilu da ta Neja.

Akwai kuskure guda da ya kamata a gyara tun a nan. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa kogi ya fi gudu a sama saboda suna ganin kumfa suna jin ƙara. Matsakaicin saurin ruwa yakan ƙaru ne yayin da ake gangarawa, domin a sama duwatsu suna tare shi, yawancin ƙarfinsa yana ƙarewa a gogayya, a ƙasa kuwa hanyar tana da zurfi da santsi.

Mataki na uku: awo a bakin ruwa

A zaɓi wurare uku a kan ƙoramar, a je a ƙungiya tare da malami, kuma a lokacin da ruwa bai kai gwiwa ba. Kada a shiga bayan an yi ruwan sama, ko da a nesa aka yi shi, domin ƙorama takan cika cikin ɗan lokaci da ruwan da ya sauka a inda ido bai gani ba.

A kowane wuri a ja tef daga gaɓa zuwa gaɓa a saman ruwa a rubuta faɗin. A raba faɗin gida-gida daidai, a auna zurfi da sanda a wurare biyar, a tara a raba biyar. Faɗi sau matsakaicin zurfi shi ne girman bakin hanyar ruwan: idan faɗin mita 6 ne, zurfin kuma mita 0.4, an sami murabba'in mita 2.4. Don sanin sauri, a auna mita 10 a gefen gaɓa, a saki kwalbar roba da aka zuba wa ruwa zuwa rabi don kada iska ta tura ta, a duba daƙiƙa nawa ta yi, wani kuma ya tsaya a ƙasa ya cafke ta. A maimaita aƙalla sau uku. Idan matsakaicin lokacin daƙiƙa 20 ne, saurin ya zama mita 0.5 a daƙiƙa. Tun da ruwan da yake saman kogi ya fi na ƙasa gudu, an saba ninka wannan adadi da 0.85, ya koma 0.425. A ninka 2.4 da 0.425, a sami kubik mita 1.02 cikin daƙiƙa. Wannan shi ne yawan ruwan da kogin yake wucewa da shi a wurin, kuma shi ne adadin da duk maganar ambaliya take rataye a kansa. Kafin a tashi, a tsinci duwatsu goma daga ƙasan ruwa ba tare da zaɓe ba, a auna tsawonsu, a rubuta ko masu kaifi ne ko mulmulallu.

Mataki na huɗu: karanta zanen hawa da saukar ruwa

Ambaliya tana faruwa ne idan ruwan da ya iso ya fi abin da hanyar kogi za ta iya ɗauka. Zanen da ake nuna wannan da shi yana da sa'o'i a layin kwance, yawan ruwan kogi a layin tsaye, da ginshiƙai masu nuna ruwan saman da aka yi. A nemi sa'ar da ruwan sama ya fi ƙarfi, a nemi sa'ar da kogi ya kai ƙololuwa, a cire ɗaya daga ɗaya. Wannan tazara ita ce jinkirin kogi. Idan gajeriya ce, layin zai miƙe sama da sauri ya yi tsini, kuma haɗarin ambaliya yana da yawa. Idan doguwa ce, layin zai yi tudu mai laushi, ruwan ya wuce a hankali.

Sai a koma ga taswirar mataki na farko a tambayi abin da yake gajarta jinkirin. Gangare mai tsanani yana gajarta shi, haka ma ƙasar yumɓu ko dutsen da ba ya shan ruwa, da ƙasar da ta riga ta ƙoshi bayan kwanaki ana ruwa, da wadda fari ya ƙeƙasar har ta yi tauri. Yanki mai siffar da'ira yakan kawo ruwan rafukansa kusan lokaci guda, mai tsawo kuwa yakan kawo su bi da bi. Bishiyoyi suna tsawaita jinkirin, domin ganye yana tare ɗigo, saiwa tana buɗe ƙasa. Kwalta da siminti da rufin kwano suna yin akasin haka, lambatu da kwalbati kuma suna kai ruwan kogi cikin mintoci. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna girman abin: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, saboda haka ruwan milimita 50 a kan hekta guda lita 500,000 ne. A daji ƙasa za ta sha kaso mai yawa daga ciki, a filin da aka malala wa siminti kuwa kusan duka magudana zai nufa.

Wata magana da take rikita mutane ita ce "ambaliyar shekara ɗari". Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta irin wannan ambaliya, don haka tana iya zuwa shekara biyu a jere, kuma gidan da ya yi shekara 30 a irin wannan wuri yana da yiwuwar kusan kashi 26 cikin 100 ta ganinta aƙalla sau ɗaya.

Mataki na biyar: taswirar amfanin fili a birni

A ɗauki takarda shara-shara ta biyu. A ja layi daga tsakiyar gari zuwa wajensa, a bi shi da ƙafa, a tsaya duk bayan mita 100 ko 200 a rubuta abin da ake yi da filin hagu da dama: kasuwanci, ofisoshi, masana'antu, gidajen zama, makarantu da asibitoci, ko fili buɗaɗɗe. A rubuta yawan hawan bene, a kuma ƙiyasta kashi nawa na ƙasar aka rufe da gini ko kwalta. Kowane nau'i a ba shi kalarsa.

Abin da zai fito yana da dalili. Tsakiyar birni ita ce inda hanyoyi suke haɗuwa, kowa yana son wurin, fili ya yi tsada, sai masu shaguna da ofisoshi kaɗai suke iya biya, su kuma gina sama don cin moriyar kowane taku. Yayin da ake nisa tsadar tana sauka, filaye suna faɗaɗa. A 1925 Ernest Burgess ya dubi birnin Shikago na Amurka ya kwatanta shi da zobba biyar, ɗaya cikin ɗaya, daga cibiyar kasuwanci zuwa unguwannin masu shigowa aiki daga nesa. A 1939 Homer Hoyt ya nuna cewa unguwanni sukan miƙe ne kamar yanka-yanka suna bin layin dogo da manyan hanyoyi, a 1945 kuma Harris da Ullman suka ce babban birni yana da cibiyoyi da yawa. A gwada taswirar da aka zana da waɗannan uku, amma kada a tilasta mata ta dace da su, domin biranen Amurka na wancan zamani aka duba aka tsara su. A birane da yawa na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka masu hali suna kusa da tsakiya, marasa ƙarfi kuma suna gefe a kan filin da kowa ya ƙi, wanda sau da yawa fadama ce ko gangaren tudu. Inda taswirar ta saɓa wa littafi, a bayyana dalili. Nan ne ake gane ɗalibin da ya fahimta.

Mataki na shida: auna dabarun shawo kan ambaliya

Dabarun kashi biyu ne: masu yaƙar ruwa da gini, da masu ba shi hanya. Ga kowace dabara a yi tambaya huɗu: wa take karewa, wa zai biya, ina ruwan zai koma, me kuma zai faru ranar da ta gaza.

Madatsar ruwa tana riƙe ruwan damina ta sake shi a hankali. Babbar madatsar Aswan da aka kammala a 1970 ta kawo ƙarshen ambaliyar da Nilu yake yi a Masar duk shekara, ta kuma samar da lantarki, amma lakar da take takin gonaki ta koma tana kwanciya a tafkin Nasser, teku yana cin bakin delta, kuma an tayar da dubban Nubiyawa daga garuruwansu. Jinga tana ƙara wa kogi zurfin ɗauka, sai dai tana sa mutane su saki jiki su yi gini a bayanta; a 1927 jingayen Misisifi sun ɓalle a wurare da yawa, a 2005 kuma, lokacin guguwar Katrina, ɓallewarsu ta sa ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans. Miƙar da kogi da shafe hanyarsa da kankare yana fitar da ruwa da sauri daga unguwa ɗaya ya jibga wa ta ƙasa, kuma tambaya ta uku ce take tona wannan. Akwai kuma manyan ayyuka irin shingen kogin Thames da ya fara aiki a 1982 don kare Landan daga tunkuɗowar teku, waɗanda sai ƙasa mai ƙarfin aljihu.

A ɗaya ɓangaren akwai dasa bishiyoyi a saman yankin, da barin fadama ta riƙe ruwa, da hana gini a inda ruwa yake kwanciya, da gargaɗin gaggawa, da yashe magudanu kafin damina. Misalin Holan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙasa ce da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana ɗaga jinga. Bayan cikar kogunan Rhine da Meuse a 1993 da 1995, inda a 1995 aka kwashe mutane kusan 250,000 daga gidajensu, hukumomi suka fito da shirin buɗa wa kogi wuri a fiye da wurare 30. A birnin Nijmegen an ja jinga baya da mita 350, aka haƙa wa kogin Waal hanya ta biyu da zai bi idan ya cika. Wannan ma bai zo kyauta ba, domin sai da wasu iyalai suka bar gidajensu. A Bangaladash kuwa, inda Ganges da Brahmaputra da Meghna suke haɗuwa, kuma ambaliyar 1998 ta rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, babu jingar da za ta tare ruwan duka, shi ya sa gargaɗi da mafaka a kan tudu da ɗaga harsashin gida suke da nauyi ƙwarai. A ganin mai wannan rubutu, amsar da ta zaɓi dabara ɗaya ta yaba mata ba tare da faɗin wanda ya yi asara ba, rabin amsa ce.

Mataki na bakwai: haɗa takardun biyu da rubuta rahoto

A ɗora taswirar amfanin fili a kan ta kogi, a daidaita su, a ɗaga su ga haske. A bi layin tsayi mafi kusa da kogin a yi masa inuwa, domin nan ne ruwa zai fara shiga. A duba kalolin da suka faɗa cikin inuwar. Idan filin wasa ne ko lambu ko makiyaya, tsarin ya yi daidai, tun da ruwa zai shiga ya fita ba tare da babbar ɓarna ba. Idan gidaje ne ko asibiti ko tashar lantarki, an gano matsalar, kuma a ƙirga gine-ginen. A kuma duba saman garin, ko akwai sabbin unguwanni da aka shimfiɗa a inda da daji ne, domin su ne za su gajarta jinkirin da aka lissafa a mataki na huɗu.

Rahoton ya fara da tambayar da aka je nema, sai hanyar da aka bi, sai alƙaluman awo cikin jadawali da zane, kowace taswira da takenta da ma'auninta da kibiyar arewa da fassarar kaloli. A wajen bayani, kowace jimla ta ɗauki dalili har ƙarshensa: maimakon a ce gini yana kawo ambaliya, a ce siminti yana hana ƙasa shan ruwa, ruwan ya bi lambatu ya isa kogi da wuri, ƙololuwar ta zarce abin da gaɓa za ta ɗauka. A ƙarshe a faɗi raunin aikin ba tare da ɓoyewa ba, kamar cewa an yi awon ne a rana ɗaya, a wurare uku kawai, da kwalba maimakon na'urar auna gudun ruwa, sannan a rubuta watan da ya kamata a koma a sake awon domin a kwatanta alƙaluman rani da na damina.